Kwana Biyu a Stuttgart, Mahaifar Marsandi

Jirgin da ya ɗauke mu daga Abuja da dare ya sauka Frankfurt ta Jamus da asuba, tafiyar awa shida da 'yan mintuna. Tashar jirgin ƙasa mai dogon zango tana manne da filin jirgin, ba sai mutum ya fita waje ba. Na hau jirgin ƙasa mai gudu na ICE, cikin awa ɗaya da kwata ina Stuttgart, inda na zo ganin gidan tarihin motocin Marsandi. Babbar tashar garin an daɗe ana sake gina ta, don haka mai akwati ya shirya takawa tsakanin shingaye kafin ya kai ga jiragen cikin gari da ke ƙarƙashin ƙasa. Wanda ake hawa shi ne S1, a wuce Bad Cannstatt, a sauka Neckarpark, sannan a taka kamar minti goma zuwa sha biyar. Kada ka sa ranar Litinin a lissafinka, gidan tarihin a rufe yake. Sauran ranaku daga ƙarfe 9 na safe ne zuwa 6 na yamma, kuma wanda ke son ya ga abin da ya kawo shi ya ware awa huɗu cur.

An buɗe ginin a 2006, dab da ƙofar masana'antar Untertürkheim inda ake ƙera injina. Hawa tara ne, da motoci sama da 160. Daga sama ake farawa: lif zai ɗauke ka zuwa ƙololuwa, ka riƙa saukowa ta hanyar da ke murɗawa kamar dodon koɗi, shekaru suna tafiya tare da kai. Ƙofar lif tana buɗewa, abin da na fara cin karo da shi doki ne, a tsaye. Abin da aka zo maye gurbinsa ke nan.

Bayan dokin sai motar Carl Benz, wadda ya yi wa rajistar ƙirƙira mai lamba 37435 ranar 29 ga Janairu, 1886 a matsayin abin hawa mai inji. Wadda ke nan kwafi ce, ta asalin tana gidan tarihin kimiyya na Munich. Na daɗe a durƙushe a bayanta. Taya uku, silinda ɗaya tak a kwance mai faɗin 954 cc, ƙarfinta bai kai na doki ɗaya ba, gudunta kilomita 16 a awa. Akwai wani ƙaton faifan ƙarfe a shimfiɗe kamar faifan tankaɗe, shi ake juyawa da hannu a tayar da inji. Ƙarfin yana bi ta bel ɗin fata, ya sauka kan sarƙoƙi biyu zuwa tayoyin baya. Ba lagireto, ruwa ake zubawa ya tafasa ya ƙone, a ƙara wani. A gefenta ga karusar Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach ta shekarar, mai taya huɗu. Benz yana Mannheim, Daimler yana Cannstatt, kowa yana aikinsa bai san na ɗan'uwansa ba.

Wadda ta fi burge ni a wannan zauren ita ce Bertha, matar Benz. A watan Agustan 1888 ta ɗauki 'ya'yansu biyu, Eugen da Richard, ta tuƙa motar daga Mannheim zuwa Pforzheim, kilomita kusan 106, ba tare da ta gaya wa maigidan ba. Mai ya ƙare, ta sayi ligroin, wani mai irin fetur, a kantin magani na garin Wiesloch. Bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta buɗe shi. Katakon birki ya cinye, ta sa baduku ya buga masa fata. A hawan tudu sai da yaran suka tura, shi ya sa da ta dawo aka ƙara giyar hawa. Ta fita da mota ta nuna wa mai ƙira inda take ciwo, shi kuma ya gyara. A ganina duk wani suna da kamfanin nan ya yi daga baya ta wannan hanya ya same shi, kuma duk lokacin da ya bar ta ya ji a jikinsa.

Sunan da muka mayar Marsandi na wata yarinya ce, Mercédès, 'yar Emil Jellinek, dillalin da ke sayar da motocin Daimler ga attajiran Nice a Faransa. Shi ya matsa wa Maybach ya ƙera masa mota mai tsawo, mai kwanciya a ƙasa, mai ƙarfin doki 35 da lagireto mai ramuka irin saƙar zuma. Ta cinye gasar Nice a 1901, aka yi wa sunan rajista a 1902. Daimler bai ga wannan ba, ya rasu a 1900. Tauraro mai tsini uku ya zo a 1909, yana nufin ƙasa da ruwa da sama. Kamfanonin biyu kuwa, na Benz da na Daimler, sai a 1926 suka haɗe, bayan tsadar da ta karya tattalin arzikin Jamus ta matse kowa.

A jikin bangon gangaren da ke tsakanin zaure da zaure an jera hotunan abin da ke faruwa a duniya a kowane zamani, kuma ba su tsallake shekarun Hitler ba. Kamfanin ya ƙera wa sojojin Nazi manyan motoci da injinan jiragen yaƙi. A 1944 kusan rabin ma'aikatansa, waɗanda suka haura 63,000, mutane ne da aka tilasta wa aiki: fursunonin yaƙi, da waɗanda aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye, da na sansanonin gwale-gwale. Na tsaya na karanta allon har ƙarshe. Mai son tauraron nan ya kamata ya san da wannan ma.

Zauren tsaron lafiya shi ne wanda zan so kowane direba ya gani. Kafin Béla Barényi, injiniyan kamfanin, ana ɗauka cewa mota mai tauri ko'ina ita ce mai kare rai. Shi ya nuna akasin haka: gaba da baya su lotsa su shanye bugun, ɗakin fasinja ya tsaya da ƙarfinsa. An fara sa wannan a motar ƙirar W111 a 1959. Birkin ABS mai hana taya kullewa ya biyo baya a 1978 tare da kamfanin Bosch, jakar iska ta direba a 1981. Wannan ya shafi masu gyaran bodi kai tsaye. Ƙarfen gaban da ya lotse a hatsari ya riga ya yi aikinsa. In aka gasa shi da wuta aka miƙar aka shafe da fenti, zai yi kyau a ido, amma a karo na biyu ba zai shanye komai ba.

A ɓangaren motocin haya na hango wata bas mai ɗan gajeren hanci, an yi mata ado da launuka da zane-zane, irin wadda ke jigila a Buenos Aires. Ina ganin hancin na gane dangi. 'Yar gidan 911 ce, gingimarin da ya yi dakon gyaɗa da shanu da hatsi a hanyoyinmu, wanda kuma a Legas aka ɗora wa bodin molue. Lambar tana da ma'ana: 9 nauyin tan tara ke nan da kaya, 11 kuma ƙarfin doki 110. Injinta OM352 ne, silinda shida a jere, lita 5.7, ba kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. ANAMMCO da aka kafa a Emene ta Enugu a 1977, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Daimler-Benz, ya harhaɗa manyan motocin kamfanin a cikin gida. Ƙananan kuma sun shiga tarihinmu ta wata ƙofar mai ciwo: a cikin baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma motar tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta.

A gaban W123 na fi daɗewa, domin ita ce ta sa mutanenmu suke cewa Marsandi ba ta mutuwa. An ƙera kusan miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986. Sirrinta ba ɓoyayye ba ne. Injin gas OM616 mai lita 2.4 ƙarfin doki 65 kawai yake bayarwa, daga baya 72. Inji babba da ba a matsa masa ba, gangar jiki da kai duk na baƙin ƙarfe, sarƙar taimin mai layi biyu, famfon Bosch na jere wanda ba ruwansa da lantarki. Wani direban tasi a Girka, Gregorios Sachinidis, ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240 D ta ƙirar da ta gabace ta, kafin ya miƙa wa kamfanin ita a 2004.

Amma ko ita tana da haƙƙinta. Bawul ɗinta ba sa daidaita kansu, da hannu ake yi inji na sanyi: milimita 0.10 a na shiga, 0.30 a na fita, 0.35 in mai tabo ce. In aka bari suka matse, za ta yi wuyar tashi da safe, mai ita ya yi ta sauya batir a banza. In ka kashe makulli inji ya ƙi mutuwa, ba aljanu ba ne, iskar zuƙa ce ke yoyo a ɗaya daga cikin siraran bututun roba, sau da yawa na makullin ƙofa. Akwai maɓalli mai rubutun STOP kusa da famfo, a danna shi, sannan a bi bututun ɗaya bayan ɗaya. In gas ya ƙare, akwai ɗan famfon hannu a gefe da ake bugawa har iska ta fita. Duk wannan bakanike a Ƙofar Ruwa ko Fanteka zai yi shi da sifana da ma'aunin tazara.

W124, wadda muke kira Bi-but, ta ci gadon wannan suna. Daga nan labarin ya fara canzawa, kuma ɓangaren da zan faɗa yanzu ba shi ne abin da gidan tarihi ke haskawa ba. A motocin farkon shekarun 1990 an yi amfani da wayar inji mai rufin da ke ruɓewa. Zafi yana gasa shi ya farfashe kamar busasshen ganye, wayoyi su haɗu, su ƙona kwamfutar inji. Mai sayen E 220 ko E 280 ta wannan lokacin ya ɗan buɗe rufin wayarin kusa da injekta ya duba da idonsa. W210 mai fitila huɗu ta 1995 ta yi ƙaurin suna da tsatsa, har a mazaunin sifirin na gaba, wurin da in ya ɓalle taya ke shigewa ciki. Motar da ta sha gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin ƙanƙara, ta biyo ta Kwatano, a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta kafin a yi ciniki. A Oktoban 1997 ƙaramar A-Class ta kife a hannun 'yan jaridar Suwidin a gwajin kauce wa dabba. A nan kam sun yi abin da ya dace: suka tsayar da sayarwa, suka gyara ƙafafun, suka sa mata ESP, na'urar hana mota zamewa, a kowace mota ba ƙarin kuɗi. Auren da kamfanin ya ɗaura da Chrysler ta Amurka a 1998 ya mutu a 2007. A tsakanin nan birkin lantarki na SBC a W211 ya jawo kiran motoci gida, har aka cire shi a 2006. A 2019 masu gabatar da ƙara na Stuttgart suka ci kamfanin tarar yuro miliyan 870 kan hayaƙin injinan gas.

Ban faɗi wannan don in rage musu daraja ba. Motocinsu na yanzu sun fi na da kare rai nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne muna sayen sabuwa da tunanin tsohuwa. Injin M272 na farko-farko, tsakanin 2004 da 2008, yana da haƙorin sandar daidaito mai saurin cinyewa. Fitilar inji za ta kama, taimin ya goce, kuma gyaran sai an sauke inji. Lambar inji ce ke nuna ko yana cikin waɗanda abin ya shafa, don haka a duba ta. Ƙafafun iska na Airmatic in jaka ɗaya ta fara yoyo, kwamfiresa zai yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Motar da ta kwana ta durƙusa gefe guda tana gaya maka ne tun da wuri. Cire tamostat da zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, abin da tsohon baƙin ƙarfe ya jure, yana cin injin alminiyom daga ciki. Rabi ruwan sanyaya inji, rabi ruwa mai tsabta, tamostat kuma a bar shi a wurinsa.

Hanyar tana ƙarewa a wani lanƙwasasshen bango da aka jera motocin tsere masu launin azurfa. Na wuce su da ɗan sauri, sai dai na tsaya a 300 SLR, irin wadda ta yi hatsari a Le Mans a 1955 mutum sama da 80 suka mutu, kamfanin ya bar tsere shekaru da dama. 'Yar'uwarta mai rufi, ɗaya cikin biyu da aka ƙera, ita aka sayar yuro miliyan 135 a 2022.

Washegari na koma Bad Cannstatt, na ci doner a shagon wani Baturke, na hau tudun lambun Kurpark ina neman ɗakin da Daimler ya fara aiki. Ɗan ƙaramin ɗakin lambu ne mai gilasai a Taubenheimstraße, shiga kyauta, amma a duba lokutan buɗewa kafin a je don ba kullum ba ne. A 1882 ya sayi gidan, shi da Maybach suka rufe tagogi da labule suna aiki dare da rana. Ƙarar bugun ƙarfe ta sa mai kula da lambu ya kai tsegumi cewa kuɗin jabu ake bugawa. 'Yan sanda suka shigo da dare, ba su tarar da komai ba sai kayan aiki da sassan inji. A nan aka haɗa siririn injin 1885 da suke kira agogon tsaye saboda siffarsa. Teburin aiki yana nan da matsa da zarto da guduma, da ɗan murhun maƙera a kusurwa, duka-duka wurin bai fi garejin mota biyu ba. Daga nan na gangaro maƙabartar Uff-Kirchhof, tafiyar 'yan mintuna, inda aka binne Daimler da Maybach, sannan na koma tasha na kama jirgin yamma zuwa Frankfurt.