Yadda 'yan aji huɗu suka yi wa Babbar Sallah waƙa

Ina koyar da Hausa a wata firamare ta gwamnati a Jos ta Arewa. Abin da aka saba a darasin waƙa shi ne malami ya rubuta baitoci a allo, yara su kwafa, su haddace, a wuce. A 2025, da Babbar Sallah ta faɗo ranar Juma'a 6 ga Yuni, tsakiyar zango na uku, sai na ce wa 'yan aji huɗu bana su za su tsara tasu waƙar Sallah, rukuni-rukuni.

Na fara da hana su taɓa biro. Yaro ɗan shekara tara in ka ce masa ya rubuta waƙa, jimla zai rubuto maka irin ta insha'i, ya datse ta gida biyu. Dalili kuwa, karin waƙar Hausa yana tafiya ne a kan gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, rubutun boko kuma ba ya nuna tsawon wasali. Sai ka ga ɗango biyu, wato layuka biyu na waƙa, sun yi daidai a takarda, amma da an rera ɗaya ya riƙa ɗingishi. Kunne ne kaɗai yake kama wannan. Don haka muka soma da tafi. Na sa 'yan matan da suka iya gaɗa suka ba mu tafi guda, kowa ya bi, masu buga tebur suna bugawa, har ajin ya daidaita.

Daga nan muka nemi amshi, mu duka. Na tambaye su me suka gani da idonsu a Sallar bara. Amsoshin farko duk iri ɗaya ne: murna, farin ciki, zumunci. Na ce waɗannan ba a ganinsu, a ba ni abin da ake gani ko ake shinshina. Nan baki ya buɗe. Wani ya ce ƙaurin kan rago da ake babbakawa. Wata ta ce lallen yayarta da ya ƙi kamawa. Wani yaro daga bencin baya ya ce, "Malama, mu dai ruwa ne ya jiƙa mana kayan Sallah a hanyar Idi." Ajin ya kwashe da dariya, don kusan kowa ya sha wannan dukan. Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, kuma waɗannan yara tun da suka yi wayo layya a damina take riskarsu, damina kuma irin ta Jos. Daga maganarsa amshin ya fito:

Sallah ta zo, mu ci nama,
Ruwa, tsaya a can sama.

Tunda amshi ya ƙare da "ma", shi ya zama amsa-amon waƙar. Muka cika gefen allo da kalmomin da suka farauto: lema, dama, gama, fama, goma, zuma, kuma, tabarma, alkama. Na zaɓi ƙwar biyu, wato ɗango biyu a kowane baiti, domin ƙwar biyar ta yi wa masu farawa tsawo.

Rabon rukuni shi ne wurin da aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. In aka bar yara su zaɓi kansu, wanda yake zuwa na ɗaya shi zai riƙe biro, ya rubuta komai, saura su zuba masa ido. Ni na raba su, shida-shida, kuma na ba kowa aiki: mai bayarwa, mai tafi, mai neman kalma a allo, 'yan amshi biyu, sai mai biro. Biron na danƙa shi ga masu shiru-shiru, da sharaɗin ba za a rubuta ɗango ba sai rukunin ya rera shi da tafi ya zauna. Kowane rukuni kuma da abin da zai waƙa, wannan jajibiri da ɗinki, wancan filin Idi, wani yanka da suya, wani yawon Sallah.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne waɗanda suka yi fice. Akwai wata yarinya da har yanzu karatu yake ba ta wuya, amma ita ce alƙaliyar rukuninta. An kawo "Yaya ta ƙunsa lalle a hannunta na dama", ta girgiza kai ta ce, "Ya yi tsawo, numfashi ba zai kai ba." Ta tafa, ta tafa, ta yanke shi ya koma "Lalle ya kama hannun dama". Ba wanda ya taɓa koya mata kari, a dandali ta samo shi. Haka yaran da suke fita tashe da azumi, su ne suka iya sa wa baiti ban dariya. Rukunin ɗinki suka kawo wannan:

Tela ya ce gobe zai gama,
Ga Sallah ta zo, muna fama.

Wata 'yar tela a ajin ta tashi ta ce ba ta yarda ba, babanta ba ya saɓa alkawari. Na ce ta rama da baiti, kuma ta rama.

A nan ne fa na ja layi. Zambo da habaici tsofaffin kayan aikin mawaƙan Hausa ne, yara kuma ba sa bukatar a nuna musu hanyarsu. Kafin in zagayo, wani rukuni har ya ɗora baiti a kan wani yaro da gidansu ba su yi layya ba. Na soke shi nan take, na kafa doka: a tsokani tela, a tsokani ruwan sama, a tsokani kawun da goron Sallarsa bai wuce naira goma ba, amma ba a taɓa ɗan aji, ko da suna ko da shaguɓe.

Rukunin yawon Sallah kuwa dawakai suka cika wa baitinsu, da 'yan lifidi da hawan Daushe. Na tambaya wa ya taɓa zuwa Kano kallon hawa. Babu ko ɗaya, a talabijin da waya suka gani. To ina kuke zuwa? Gidan zu da ke kusa da gidan tarihi, ko gidan kaka a Gangare ko Unguwar Rogo, a cushe cikin keke napep. Na ce su waƙa wannan. Baitin keken ya fi na dawakan rai nesa ba kusa ba.

Ajin nawa ba Musulmi zalla ba ne. Akwai 'ya'yan Birom da Angas da wasu, Kiristoci, waɗanda Hausa ce harshen wasansu. Ban tilasta kowa ya rera baitin Idi ba. Sun zauna a rukunin suya, tunda naman layya yana shiga gidajen maƙwabta, kuma sun nemi in yi musu alkawarin za a yi ta Kirsimeti in hunturu ya kama. Na yi.

Gyaran rubutu shi na bari ƙarshe. Sai da waƙa ta zauna a baki muka koma kan ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, da raba "ya ce" da suke haɗewa. In ka fara da jan biro, yaro zai daina kawo kalmar da bai iya rubutawa ba, ko da ita ce ta fi dacewa.

Surutu dai ba makawa. Malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo yana cewa, "Malama, biki ake yi ne?" Fita waje ba ta yiwu ba saboda ruwa, sai muka mayar da rerawar zuwa darasin ƙarshe kafin tashi.

An rera waƙar a taron safe kafin hutun Sallah, kowane rukuni ya ba da baitocinsa, makaranta duka tana amsawa. Da hedimasta ya tambayi yadda zan ba da maki a aikin da mutum shida suka yi, na ce ba zan ba waƙar rukuni maki ba. Bayan hutu na sa kowane yaro ya tsara baiti ɗaya shi kaɗai, a kan amsa-amon "ra", ya zo gabana ya rera kafin ya miƙa takarda. Rabin makin na rerawa ne, rabi na rubutu.