Darussa kan zaɓen tayar babur ɗin doguwar tafiya: kwalta mai ruwa da hanyar daji

Wani kuskuren da ke kayar da masu manyan baburan doguwar tafiya shi ne sayen taya don hanyar da suke burin bi wata rana, alhali kullum kan kwalta suke. Mutum zai ɗaura taya mai manyan haƙora irin Continental TKC 80, yana ganin ya gama shirin laka da yashi, sai ranar da ruwa ya sauka ya shiga kwana, tayar gaba ta zame masa tun bai taɓa burki sosai ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Taya mai haƙora tana riƙe ƙasa ne ta hanyar nutsa haƙoranta cikin laka ko tsakuwa. Kwalta kuwa ba ta nutsuwa, don haka robar da ke taɓa ta kaɗan ce, kuma idan aka kwantar da babur a kwana haƙoran gefe suna lanƙwashewa, sai kan babur ya riƙa rawa. A jiƙaƙƙiyar kwalta abin da ke riƙe babur shi ne faɗin robar da ke ƙasa, da ƙananan tsagogin da ke kore ruwa, da sinadarin silika da ake haɗa robar da shi domin ta yi laushi ko da sanyi. Taya irin Michelin Anakee Adventure ko Pirelli Scorpion Trail II ta fi kusa da wannan. Wadda aka yi ta da roba mai tauri domin ta daɗe, kamar Heidenau K60 Scout, za ta ba ka nisan tafiya sosai, amma masu hawanta sun san a ruwa sai an bi ta a hankali.

Lambobin nan na 90/10, 80/20 da 50/50 da masu sayarwa ke jefa wa mutum, wato kason kwalta da na hanyar daji cikin ɗari da aka yi tayar dominsu, kada ka ɗauke su kamar awon gwamnati. Kowane kamfani shi ke yi wa tayarsa laƙabi, babu ma'auni guda da ya haɗa su. Mai sayarwa da yake son kayansa su fita zai ce maka 50/50 tana yin komai, kuma ba shi zai kwanta a asibiti ba. Ka lissafa tafiyarka ta gaskiya. In tsakuwa da busasshiyar hanyar ƙasa ce iyakar dajinka, 80/20 ko 70/30 ta wadatar. Laka mai kauri da yashi mai zurfi ne kawai ke tilasta haƙora, domin tsagogin taya mai santsi suna cikewa da laka nan take ta zama kamar ba ta da zane.

Iskar taya ita ce rabin aikin. Babban babur kamar BMW R 1250 GS yana son bar (awon matsin iska) 2.5 a gaba da 2.9 a baya a kan kwalta. A hanyar ƙasa ana iya ragewa zuwa wajen 1.6 ko 1.8 domin tayar ta shimfiɗa ta kama. Ƙasa da haka, da kaya a baya, dutse ɗaya zai lotsa rim, kuma in babur ɗin mai tub ne irin Yamaha Ténéré 700, rim ɗin zai tsunkule tub ɗin ya huda shi gida biyu. Da an dawo kwalta a mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta cinye da wuri. Ƙaramin famfo da ma'aunin iska su zauna cikin jaka.

A duba harafin gudu a jikin taya, wanda ke nuna iyakar gudun da za ta iya ɗauka: Q kilomita 160 ne a awa, T 190, H 210, V 240. Tayoyi masu haƙora da yawa Q ne. A duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Taya mai tsufa robarta ta bushe ko da zanenta sabo ne. A bi kibiyar da ke nuna inda tayar za ta juya.

Sabuwar taya tana da santsi, a lallaɓa ta kilomita 150 zuwa 200 na farko. Farin fentin titi da murfin ƙarfe na magudanar ruwa babu tayar da ke riƙe su da ruwa, a tsallaka su babur na miƙe, ba a kwantar da shi ba. Tayar gaba mai haƙora da ta fara cinyewa hawa-hawa saboda burki kuwa, a canza ta ko da ta baya tana da sauran rai.