Sana'ar Kayan Doki: Likkafa da Matakalar Hawa

Ni sana'ata kayan doki, gado na yi wajen mahaifina Allah ya jiƙansa, muna da ɗan shago a cikin birnin Kano kusa da kasuwar Kurmi, ni da yara masu ɗinki da baduku guda da ke mana aikin fata. Sirdi, linzami, ragama, majayi, jalala, zubka, ɗan kai da ɗan ƙirji duk muna haɗawa, likkafa kuma, wato ƙarfen da mahayi ke zura ƙafa a ciki, maƙera muke ba wa oda su ƙero mana, wata ta baƙin ƙarfe wata ta tagulla, mu kuma mu sa mata maɗauri.

Abin da ya fi damuna a harkar nan shi ne yawancin kwastomomi ado suke zuwa saye. Mutum zai daɗe yana zaɓen jalala mai ƙyalli wadda za ta fito a hoto, amma da an zo kan likkafa da maɗaurinta sai ya ce Alhaji a sa min ko wacce mai sauƙi. Toh wallahi a nan rai yake. Lokacin da mahayi ya zura ƙafar hagu ya yunƙura, gaba ɗaya nauyinsa a kan maɗauri ɗaya yake, ga babbar riga ga alkyabba ga rawani wani ma har da takobi, in fatar ba ta jemu da kyau ba ko ɗinkin layi ɗaya ne, ranar da za ta tsinke ba sallama za ta yi ba. Mu kirgin saniya muke amfani da shi mu ninka shi biyu, fatar akuya ta ado ce kawai, ba ta ɗaukar nauyi. Sannan faɗin likkafa dole ya dace da takalmin mai hawa, in ta matse doki ya zabura mutum ya faɗo ƙafa ta maƙale, jansa zai yi a ƙasa. Shi ya sa nake cewa a zo min da takalmin da za a yi hawan da shi in gwada.

Shi ma dokin yana jin jiki. Duk sanda aka hau daga ƙasa sirdi sai ya karkato gefe guda ya murɗe masa gadon baya, yau da gobe sai ka ga gashi ya zube a wurin, daga nan sai miki, mai doki kuma ya dawo yana cewa sirdinmu ne ba kyau. Mutanen zamanin da sun san wannan, shi ya sa in basarake zai hau za ka ga zagi ya riƙe linzami wani ya danne likkafar dama don kar sirdi ya juya, a ƙofar gida kuma a jawo doki kusa da dakali a hau ta nan, a ƙauye ma turmi ake kifawa. Yanzu samari masu kilisa da hawan angwanci ba su da zagage, wasu gidajen ma ba dakalin, sai na samu wani kafinta muka fara yin 'yar matakala ta katako mai hawa biyu, ƙasanta da faɗi don kar ta goce, muna manna roba a inda ake takawa saboda santsi. A wajen 'yan folo na fara ganin irinta. Da farko samarin ƙi suka yi wai ta tsofaffi ce, ni kuma nakan ce musu ɗan'uwa ba don kai aka yi ba, don bayan dokinka ne, wanda ya san kuɗin dusa da harawa da kuɗin likitan dabbobi shi yake saurin ganewa. Dattawa kam tuni suka karɓa, musamman masu ciwon gwiwa.

Kasuwarmu ta lokaci ce. Daga tsakiyar azumi ba ma barcin kirki saboda Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da na Ɗorayi, da babbar sallah kuma ga Hawan Fanisau, kowane hakimi yana so tawagarsa ta fita daban. Oda na zuwa daga Katsina da Zariya da Daura, har Damagaram da Maraɗi muna aika kaya. A 2020 da aka hana hawa saboda korona kaya haka suka kwana a shago, a 2024 ma ba a yi hawan babbar sallah a Kano ba, mun ji jiki sosai, duk da a Disambar shekarar ne UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya, abin ya mana daɗi amma mu abincinmu sai doki ya fito titi. Bikin aure da naɗin sarauta su suke riƙe mu a tsakanin salloli, sai gyare-gyare.

Gyaran nan ma ina roƙon masu dawaki su daina bari sai jajiberi. A riƙa duba maɗaurin likkafa daidai inda ya lanƙwasa a jikin ƙarfe don nan yake fara cinyewa, a shafa masa man shanu ko man kaɗe lokacin hunturu kar ya bushe ya tsage, in an ga ɗinki ya fara saki a kawo tun da saura wata guda, a lokacin muna da sukunin zama mu yi shi yadda ya kamata.