Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Neman Aiki Bayan Kasuwa Ta Juya

A makon jiya na tsaya ne a inda na miƙa kundin kammala digirina na kimiyyar kwamfuta, yau kuma zan shiga batun neman aiki, wanda na fara tun kafin sakamako ya fito.

Lokacin da muke ajin farko, labarin Paystack, kamfanin Najeriya na biyan kuɗi ta intanet, shi ne a bakin kowane ɗalibi, domin a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. Duk wanda ya leƙa CcHub, cibiyar masu fasahar zamani da ke titin Herbert Macaulay a unguwar Yaba ta Legas, a wancan zamani, zai koma gida da yaƙinin cewa wanda ya iya rubuta manhaja aiki ne zai zo nemansa. Sai yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da mu wata takwas, kuma kafin mu kammala karatu, Meta da Amazon da Google sun sallami dubban ma'aikata, masu zuba jari daga waje sun ɗaure bakin jaka, sannan a 2023 aka cire tallafin mai, darajar naira kuma ta faɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ƙofar sabon shiga ta toshe. Za ka ga tallan gurbin ƙaramin ma'aikaci, amma ana neman gogewar shekara biyu ko uku, alhali ba wanda ke son ya zama wurin da za a samu gogewar. Ƙwararrun da aka sallama sun dawo suna neman guraben da muke hari, ƙananan ayyukan da a da ake koyon sana'a da su kuma an soma miƙa su ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Bankuna suna neman takardar bautar ƙasa, wadda ban kai gare ta ba tukuna, wasunsu har da iyakar shekarun haihuwa, ba tare da la'akari da watannin da yajin aiki ya cinye mana ba. A ganina wannan rashin adalci ne.

Wani kamfani a Lekki ya ba ni aikin gwaji na gina manhaja sukutum. Na kwana a kansa da janaretan maƙwabci da datar bashi, na tashi daga Agege da asuba, na bi ta Oshodi da Obalende cikin cunkoso don in gabatar da shi, amma har yau ba su ce mini uffan ba.

Kawuna, wanda ke dillancin albasa a kasuwar Mile 12, shi ya kira ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce, "Ɗana, kwamfutar nan taka ba za ta iya riƙe mini lissafin bashi ba? Littafina ya jiƙe da ruwan sama, rabin sunayen sun goge." Na ce, "Za ta iya, Kawu, in ka yarda in zauna a rumfarka in ga yadda kuke ciniki."

Ranar Litinin na je da kwamfutata, na tarar ya tara dillalai 'yan uwansa, kowa riƙe da nasa littafin. Yadda muka kwashe da su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.