Ɗumama gidan haya a Ingila: boila, danshi da maganar gawayi

Sanyin Ingila ba irin hunturunmu ba ne. Namu busasshe ne: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, a toshe taga a shige bargo, hantsi na yi rana ta fito. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana ja tun daga Nuwamba har Maris, kuma a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Shi ya sa dabarar da muka taso da ita ta toshe kowace kafa, a can ɓarna take jawowa. Aiki biyu ne a gabanka: shigar da zafi da fitar da danshi.

Gidan da na kama a arewacin Ingila irin tsofaffin nan ne na jan bulo da ke jere manne da juna. Bangonsu ba shi da rata a tsakiya, zafi yana ratsawa ya fice da wuri. Kafin ka sa hannu a takardar haya, nemi takardar EPC, wadda ke auna yadda gida ke riƙe zafi daga A (mafi kyau) zuwa G (mafi muni). A Ingila da Wales doka ta hana ba da hayar gidan da bai kai E ba, sai wanda aka yi wa rangwame na musamman, amma E ɗin ma aljihu zai ji a jikinsa. Ka tambaya da gas ake ɗumama gidan ko da lantarki, domin yunit ɗaya na lantarki ya kusa ninka na gas sau huɗu a farashi. Hita mai kilowat 2 tana cinye yunit 2 duk awa. Ranar da ka tare, ɗauki hoton mitar gas da ta wuta ka aika wa kamfanin, kada a ɗora maka bashin wanda ya tashi.

Yawancin gidajen haya boilar gas ce da su, wadda ke dafa ruwa ta tura shi cikin radiyetocin da ke jikin bango. A fuskarta akwai ma'aunin matsin ruwa. In tana a sanyaye, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta sauka ƙasa da 1, boila na iya ƙin tashi. Ana ƙara ruwa ta wata gajeriyar tiyo mai launin azurfa a ƙarƙashinta: ka buɗe bawul a hankali, ka zuba wa allurar ido, tana kaiwa ka rufe. Ka sa mai gidan ya nuna maka tun ranar farko. In kuwa kullum matsin sauka yake, akwai yoyo a wani wuri, wannan kuma aikinsa ne.

Radiyetar da ƙasanta ke da zafi samanta sanyi, iska ce ta taru a ciki. Kashe boila, bari ta huce, sa ɗan makullin radiyeta a kusurwar sama, riƙe tsumma a ƙasa, ka murɗa kwata ko rabin zagaye zuwa hagu. Za ka ji iska na fita da ƙara. Ruwa na fara tsartuwa ka ɗaure, sannan ka koma ka duba matsin. In ƙasan ne da sanyi, laka da tsatsa ne suka kwanta, sai ma'aikaci ya wanke.

Ma'aunin zafi na bango, wanda ke tsayar da boila in ɗaki ya kai ɗumin da aka saita, mutanenmu sun fi yi wa gurguwar fahimta. Kai shi 30 ba ya sa ɗaki ya yi ɗumi da sauri, sai dai boila ta ƙi tsayawa. Hukumomin lafiyarsu suna ba da shawarar kada ɗakin zama ya gaza digiri 18, musamman in akwai jariri, tsoho ko mai asma. Ni tsakanin 18 da 20 nake bari, na saita boila ta tashi rabin awa kafin asuba, ta mutu rabin awa kafin kwanciya. Zafin ruwan da ke zuwa radiyeta kuma na mayar da shi 60, domin boilar zamani ta fi tattalin gas a haka. Bawul ɗin gefen radiyeta mai lamba 1 zuwa 5, lamba 3 kusan digiri 20 ce. Ɗakin da ba a kwana a bar shi a 1 ko 2, kada a kashe gaba ɗaya.

Yanzu ga danshi. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi, in ta taɓa bango ko gilashi mai sanyi sai ta zama raɓa, raɓa kuma ta haifi baƙar funfuna a kusurwoyi da bayan durowa. Girkinmu na daɗewa a wuta, tuwo da miya da farfesu, ga alwala sau biyar, ga shanya a ɗaki, wadda wanki guda kan saki ruwa kusan lita 2. Abin da ya yi mini aiki: rufe tukunya da murfi, kunna fankar zuƙe tururi, rufe ƙofar kicin da ta banɗaki yayin amfani da su, goge tagogi kowace safiya, a buɗe su minti goma ko da ana sanyi. Ƴan ramukan iska da ke saman firam ɗin taga a bar su a buɗe. A janye gado da durowa daga bangon waje kamar faɗin tafin hannu. Na sayi ƙaramin ma'aunin danshi, in ya wuce kashi 60 na san da gyara. Wannan ba maganar kyan bango ba ce: a Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Rochdale, bincike ya tabbatar funfunar gidansu ce sanadi. In ta bayyana, ɗauki hoto ka rubuta wa mai gida, kada ka tsaya a waya.

Gawayi kuwa, don Allah kada ya shiga gida, ko a kasko ko a kurfoti ko abin gashin nama. Gidajen nan a rufe suke ruf, iskar kabon monoksaid da gawayi ke fitarwa kuma ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai, jiri da kasala ne alamunta, mai barci kuma ba ya farkawa. Haka ma kunna murhun gas don jin ɗumi, haɗari ne. Mai son turaren wuta ta nemi kaskon lantarki. Tun Oktoban 2022 wajibi ne mai gida a Ingila ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take, kuma duk shekara ma'aikaci mai rajistar Gas Safe, wato wanda aka amince masa ya yi aikin gas, ya duba kayan gas a ba ka takarda. In ka ji warin gas, buɗe tagogi, kada ka taɓa makunnin wuta, fita waje ka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Da dare ba sai boila ta kwana a kunne ba. Bargunansu suna da lambar tog: 13.5 na hunturu ne, 4.5 na zafi. Robar ruwan zafi da ake sawa cikin bargo a cika ta kashi biyu cikin uku, ba da tafasasshe ba. Labule mai kauri a ja shi da magariba, amma kada ya rufe radiyeta, in ba haka ba taga kake ɗumamawa.

In an yi sanyi mai daskarewa boila ta tsaya, duba farar tiyon roba da ta fita ta bangon waje. Sau da yawa ita ce ta ƙanƙare, ruwan ɗumi ake kwarara mata sannan a sake tayar da boilar. Mai tafiya gida hutun Disamba kuma ya bar ma'aunin zafi na bango a kusan digiri 12 don kada bututu ya daskare ya fashe, ya kuma san inda babban bawul ɗin ruwa yake, galibi ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin.