Kuskuren da na yi a kiwon 'yan tsaki

Ƙannena masu sha'awar kiwon kaji, shekarar da na fara, a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, na sayi 'yan tsaki 50, kuma saboda ƙyashin kuɗin abincin kamfani sai na riƙa ba su dusa da tsakin gero kawai. Bayan mako 4 suka tsumbure, gashinsu ya ƙi fitowa sosai, kullum suna cure a lungun akurki. Na ga tsutsa a kashinsu, sai na ɗora mata laifin duka, na yi ta ɗura musu magani ba tare da sun murmure ba.

Likitan dabbobi ne ya fahimtar da ni cewa a gindin wuyan kaza akwai wasu ƙananan ƙululu biyu da ake kira tayirod, waɗanda ke fitar da sinadarai biyu, T3 da T4, masu tafiyar da ɗumin jiki da girma da fitowar gashi. Ƙululun ba sa iya haɗa su sai da aidin, wanda rashinsa ne ke kawo wa ɗan Adam maƙoƙo, kuma idan abinci ya yi ƙaranci T3 yakan ragu a jinin kaza. Ɗan tsakon da ke cikin wannan hali ba shi da ƙarfin jure tsutsar ciki, wadda dama ta fi kama kajin da ba su kai wata 3 ba. Ita kuma tana lalata hanji tana cinye ɗan abin da ya ci, sai yunwar ta ƙaru. Ashe maganin yana kashe tsutsar, amma suna sake tsintar ƙwanta a jiƙaƙƙen buntun shinkafar da na bari a ƙarƙashinsu tun farkon damina.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. Da jin batun aidin sai na zabga musu gishiri a ruwan sha, tunda ana saka aidin a gishirin girki, ban san cewa yawansa guba ne ga ɗan tsako ba, kuma kafin kwana 2 na kwashe gawa 7.

Ku sayi abincin farko da aka riga aka haɗa da firimis, wato garin bitamin da ma'adinai da ake zubawa a abincin kaji, domin aidin ɗin da suke bukata ɗan kaɗan ne kuma yana ciki. A makon farko ku ɗumama ɗakinsu zuwa digiri 32 ko 33, musamman da hunturu, kuma ku canza shimfiɗa da zarar ta jiƙe. In kun ga zawo mai jini, wannan wata cutar hanji ce dabam wadda maganin tsutsa ba ya taɓawa, sai ku kai wa likita kashin ya duba kafin ku sayi komai.