Ɗan gwaran da ya faɗo daga rufin zaure

Asabar, tsakiyar Agusta, Tudun Wadan Zariya

Ruwan daren jiya da iska ya zo, har sai da ya ɗaga kwano ɗaya na rufin zaurenmu. Da safe na fito da tsintsiya, sai na tarar da sheƙar gwara a ƙasa, jiƙe sharkaf, da 'ya'ya biyu a ciki. Ɗaya ya riga ya mutu, tururuwa har ta fara taruwa. Ɗayan na numfashi sama-sama, gashinsa bai gama fitowa ba, gefen bakinsa ruwan ɗorawa. Iyayen na kan katanga suna ta kuka, sun kasa sauka saboda ina tsaye a wurin.

Tsuntsayen nan kullum korarsu nake in na shanya gero. Yau kuwa tausayi ya hana ni ɗaga tsintsiyar. Ummi, wadda kwana huɗu ke nan da tashinta daga zazzaɓin cizon sauro, ita ta kawo kwalin sabulu da tsohon ɗankwalina muka kwantar da shi. Ina ɗaga shi na ji wani abu na yawo a wuyan hannuna. Da na duba, wasu ƙwari ne jajaye, ƙanana fiye da ƙwayar gero, irin ƙumar da ke damun kajina a akurki.

Na kira ƙanena Auta. Yana aji huɗu a sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ba ya gajiya da irin wannan kira. Da hantsi sai ga shi daga Samaru. Bai fara ta kan tsuntsun ba, sheƙar ya ɗauka ya warware ta a kan faifai: busasshiyar ciyawa, gashin kaza, zaren buhu, guntun leda, sai audugar gindin sigari har guda uku, duk an yayyaga ta. Na san daga teburin mai shayin bakin layi suka kwaso.

"Yaya, wannan an taɓa bincike a kansa," in ji shi. Ya ce a ƙarshen 2012 masana a birnin Meziko suka bayyana cewa sheƙar da ta fi yawan guntayen sigari ita ta fi ƙarancin ƙuma, domin nikotin, gubar taba da ta rage a audugar, yana korar ƙwarin. Amma da suka ci gaba da bin lamarin, sai suka ga gubar tana yi wa ƙwayoyin jinin 'ya'yan lahani. Wannan ya tsaya mini a rai. Uwa ta nemo abin da zai raba ɗanta da masu shan jininsa, abin kuma ya zo da tasa cutar.

Yana duba ƙarƙashin fiffiken ne ya ce, "Kin san su ma suna zazzaɓin sauro?" Na ɗauka zolayar Ummi yake. Ashe da gaske ne. Tasu ƙwayar cutar daban take, Plasmodium relictum ake kiranta, sauron kwata ke yaɗa ta, kuma ba ta kama mutum. A Landan, inda gwara ta ragu da kashi 71 cikin ɗari tun daga 1995, wani bincike na 2019 ya sami cutar a jinin kusan kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka gwada, kuma inda ta fi tsanani a nan ƙanana suka fi kasa tsallake sanyin hunturu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Ronald Ross, wani likita ɗan Birtaniya. A 1898, a Kalkata ta ƙasar Indiya, da tsuntsaye irin waɗannan ya yi aiki. Ya bar sauro ya sha jinin tsuntsaye marasa lafiya, ya bi ƙwayar cutar tun daga cikin sauron har zuwa inda yawunsa ke taruwa, sannan ya ga lafiyayyun tsuntsaye sun kamu bayan cizo. A 1902 aka ba shi lambar Nobel. Na kalli Ummi da har yanzu idonta bai gama washewa ba, na tuna daren Litinin da na kwana ina jiƙa tsumma ina goga mata a jiki. Gidan sauron da nake ɗaura mata kowane dare, ashe akwai jinin waɗannan 'yan tsuntsaye a cikin ilimin da ya kawo shi.

Auta ya ce gwarar nan tamu mai kai ruwan toka ce, 'yar uwar wadda Turawa suka fi bincika, wadda namijinta ke da baƙi a maƙogwaro. Na ce masa in lokacin aikin kammala karatunsa ya yi, ya duba jinin namu na Zariya. Ga kwata, ga sauro, ga tsuntsayen a kowane zaure. Ya ce zai tuntuɓi malaminsa, ni kuma zan riƙa tuna masa.

Na so in jiƙa tsaki in ba ɗan tsuntsun, ya hana ni. Ya ce a wannan ƙuruciya ƙwari da tsutsa iyaye ke ba su, hatsi sai sun tasa, kuma ruwa na iya shaƙe shi. Ya taka turmi ya maƙale kwalin a ƙarƙashin kwano, kusa da inda sheƙar take da, ya ce kowa ya kauce. Tsohuwar sheƙar muka ƙona, muka wanke hannu da sabulu.

Har azahar iyayen ba su kusanci kwalin ba, sai shawagi. Bayan la'asar ina tankaɗe a ƙofar ɗaki Ummi ta taɓa ni, ta nuna da baki. Ɗaya daga cikinsu ce a bakin kwalin, da 'yar koriyar tsutsa. Ta leƙa, ta waiwaya, ta shige. Kafin magariba mun ƙirga zuwansu har sau bakwai.

Na zubar da ruwan da ya taru a tsohuwar tayar bayan akurki, na kife gwangwanayen da ke gindin famfo. Yanzu hadari ya sake haɗowa ta gabas, kuma kwanon bai samu ƙusa ba tukuna, dutse kawai Auta ya ɗora masa. Ummi ta ce in tashe ta da asuba mu duba kwalin tare.